Na Tafi Amurka Kallon Ƙwallo Na Bar Inna A Kwance

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da casa'in ni saurayi ne ɗan shekara talatin ba ɗaya, mai takardar difloma da ɗan Turanci a baki, ina aikin kula da sito a wani kamfanin ƙera bututun ruwa a Birnin Masana'antu na Biyu da ke Riyad. Ina roƙon Edita ya sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba. A ƙauyenmu da ke ƙasar Malumfashi ana kirana ɗan albarka, domin tun rasuwar mahaifinmu ni ke riƙe da gidan, ni na yi wa ɗakin mahaifiyata rufin kwano, ni ke ɗauke da karatun ƙanena da ƙanwata. Ina son wannan yabon, ba zan ɓoye ba, har nakan ji kaina yana kumbura idan aka aiko mini da shi. Abin da zan faɗa yau ya fi shekara ashirin yana cina, kuma har gobe babu wanda ya san shi a danginmu.

Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a wani tsohon bene a unguwar Ulaisha. Motar kamfani ta kwashe mu da safe, ta dawo da mu da yamma, shi ke nan rayuwar. Gwauro baƙo a Riyad ta wancan zamanin ba shi da wurin zuwa sai masallaci da kasuwar Batha, inda muke yawo ranar Juma'a muna taya kayan da ba za mu saya ba. Wanda bai taɓa zaman can ba ya kamata ya san yadda tsarin yake. Iƙama, wato katin zama, ita ce a aljihunka, amma fasfonka yana kulle a akwatin ƙarfe a ofishin mudir, shugaban ma'aikata. Ba ka fita ƙasar sai kafil, mai kamfanin da ya tsaya maka, ya sa hannu an buga maka izinin fita da dawowa. A yarjejeniyarmu sau ɗaya ake ba da wannan izinin a shekara biyu, tare da hutun kwana arba'in da biyar da tikitin jirgi. Idan ka cinye naka ka cinye, sai ka zauna ka jira wasu shekara biyun. Kowa a ɗakinmu ya san watan hutunsa kamar yadda ya san sunansa.

A kamfanin akwai wani injiniya Ba'amurke baƙar fata, dattijo mai furfura da yawan dariya, wanda yakan leƙo sito neman kayan gyara ya zauna muna hira saboda ina jin yarensa. Wata Alhamis bayan an tashi aiki ya gayyace ni gidansa cin abinci, ya sa mini faifan bidiyo na ƙwallon zari-ruga irin tasu ta Amurka, wanda ɗan'uwansa ke naɗar masa ya aiko ta gidan waya. Da farko dariya na yi ta yi. Ƙarti ne jibga-jibga sanye da hular kwano suna karo da juna a kan wata ƙwallo mai kama da gwanda, su ruga taku uku su zube, a busa usur, su sake jeruwa. Sai dattijon ya zubo ƙwallayen dabinon da muka ci a kan tebur ya jera su sahu biyu, ya nuna mini cewa kowane ɓangare yana da dama huɗu ya ci gaba yadi goma, kuma kowane mutum a filin akwai inda aka ce ya taka da wanda aka ce ya tare. Daga ranar na daina ganin hauka, na fara ganin dabara, kamar dara ce ake yi da mutane masu rai. Ƙungiyar garinsu na kama, wadda ta fi kowa iya shan kashi, na so ta kamar a can aka yanke mini cibiya.

Shekara biyu kusan kowace Alhamis ina gidansa. Na haddace sunayen 'yan wasa da lambobinsu, na sayi injin bidiyo na hannu ina aro faifan ina maimaitawa a ɗaki, har abokan zamana suka gaji suka sa mini suna Ba'amurken Malumfashi. Babbanmu a ɗakin wani dattijo ne ɗan Maraɗi, direban babbar mota, muna ce masa Baba. Shi yakan ce in da kokawa nake so ai gara in je garinsu bayan kaka in ga ta gaske, wadda ba a ɗaura wa ƙato filo a kafaɗa. Tsokanarsu ba ta dame ni ba. Gaskiyar magana ita ce kaɗaici ya yi mini yawa a garin nan, kuma awa ukun nan na Alhamis su ne kaɗai lokacin da nake jin ni mutum ne mai abin so, ba lambar ma'aikaci ba.

Da dattijon injiniyan nan ya yi ritaya zai koma gida, ya riƙe hannuna ya ce lallai wata rana sai na zo na gani da idona, domin yana da kujeru biyu a filin wasan garinsu waɗanda ya gada daga mahaifinsa. Na ɗauka irin maganar bankwana ce. Bayan wata biyar sai ga wasiƙarsa da takardar gayyata, ya ma zaɓi wasan da za mu kalla, wanda ya faɗo daidai cikin hutuna. Na nemi biza ba tare da na sa rai ba, sai aka ba ni. Ranar da na ga tambarin nan a fasfona, kafin wakilin kamfani ya karɓe ya mayar akwati, ji na yi kamar an naɗa ni sarauta. Na je wajen mai sayar da tikiti aka juya tikitin Kano ya koma na Amurka, na cika abin da ya rage. Ban gaya wa kowa a gida ba. Na ce a raina sau ɗaya ne a rayuwa, gida kuwa yana nan ba inda za shi.

A nan sai na yi bayanin mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita mace ce ta da, mai alkunya irin wadda yanzu ta yi wuya. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin ta kira sunana ba. A hannun kakata na girma, a gida ɗaya, amma Inna ba ta zaunar da ni ta yi hira da ni, ba ta kallon fuskata a gaban mutane. Idan ta dama mini fura sai ta ba ƙanwata ta ce a kai wa wancan. Wanda bai san al'adar ba zai ce ƙiyayya ce, alhali ni na san cinyar kaza kullum a kwanona take sauka. A lokacin ba waya a ƙauye, kuma yawancin mutanenmu ba sa rubutu, don haka kaset ake naɗa. A tara 'yan gida a gaban rediyo kowa ya yi gaisuwarsa ya faɗi buƙatarsa, a ba matafiyi ya kawo. Shekara huɗu ina Riyad, kaset ya fi goma da na karɓa, babu ko ɗaya da Inna ta yi magana a ciki. Sai dai ƙanwata ta ce Inna tana gaisuwa, wani lokacin in jiyo tarinta daga nesa ko ƙarar turminta.

Saura mako uku in tashi, wani ma'aikaci da ya dawo hutu daga wajen Funtuwa ya kawo mini kaset. Na sa shi da yamma bayan mun dawo aiki, ina jin gaisuwar dangi da rabin kunne ina goge takalmi. Kusa da ƙarshe sai na ji ana matso da rediyon, sai ga muryar Inna. Burushin ya faɗi daga hannuna. Ba ta yi minti biyu ba. Ta ce a gaya wa mutumin can gero ya yi kyau bana, ta ware masa na fura. Ta ce ƙafafunta sun ɗan kumbura amma da sauƙi, ta daina zuwa rijiya. Ta tambaya ko ana samun abinci a inda yake, sannan ta sa albarka ta yi shiru. Numfashinta ya fi maganarta ƙarfi a cikin kaset ɗin. Bayan ta sai ƙanwata ta karɓa da murya ƙasa-ƙasa, da alama ta fita da rediyon bayan ɗaki, ta ce Yaya don Allah wannan hutun kada ya wuce ka, Inna ba ta cin abinci, kuma ita da kanta ta ce a kawo mata rediyon.

Na san abin da na ji. Macen da ta shekara talatin tana kawar da kai ba za ta nemi a kawo mata rediyo don ta ba ni labarin gero ba. Baba yana zaune a kan katifarsa yana yanke farce, ya ji komai. Ya ce mini, ɗana, wannan kira ne, ka mayar da tikitin nan Kano tun gobe. Na ce masa ai ba ta ce in zo ba. Ya dube ni ya ce yaushe uwa irin wannan ta taɓa cewa ɗan fari ya zo, ko a kanka aka fara? Na yi kunnen uwar shegu. Na shiga kawo wa kaina dalilai, cewa ƙanwata tun tana ƙarama akwai zuzuta abu, cewa kumburin ƙafa ciwon tsufa ne, cewa magani take buƙata ba fuskata ba, cewa bizar nan in ta ƙone ba za a sake ba ni ba. Har ila yau na ce dattijon can ya riga ya shirya, kunya ce in watsa masa ƙasa a ido. Kunyar baƙo na ji, ban ji ta wadda ta haife ni ba. Ranar Juma'a da kowa ya fita na rufe ƙofa na naɗi amsa. Na karya murya na ce kafil ya hana ni hutu bana saboda aiki ya yi yawa, fasfona yana hannunsu ba yadda zan yi, a taya ni da addu'a. Sau biyu na goge na sake, don na farkon bai nuna damuwa sosai ba. Na haɗa da magunguna da atamfa na ba wani mai tafiya.

Na tashi daga Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid da sabuwar rigar sanyi da na saya a Batha. A ɗakin jira na ga layin masu zuwa Jidda, inda ake canza jirgin Kano, da manyan jakunkunansu ɗaure da igiya, na juya musu baya kada wani ya gane ni. Da na sauka Amurka dattijon ya tarbe ni da murna kamar ɗansa, matarsa ta gyara mini ɗaki, ta je har wani shago mai nisa ta nemo naman da zan iya ci. Ba ni da abin da zan ce da mutanen nan sai alheri. Da matar ta tambayi lafiyar mahaifiyata na ce lafiyarta ƙalau.

Da zan so in ce muku wasan bai yi daɗi ba, ko zuciyata ta yi ta damuna a filin, amma na yi alkawarin faɗin gaskiya. Ranar Lahadi ce da rana, sanyi kamar zai cire kunne. Da muka hau matakala muka ɓullo cikin filin sai na ga ciyawar nan kore shar da jama'a maƙil har sama. Ƙarar karon hulunan da nake ji ƙasa-ƙasa a bidiyo, a nan har cikin ƙirji take shiga. Na yi sallar azahar da la'asar a wani lungu bayan matakala a kan kwali, a gurguje, ina jin ihun jama'a ina ƙosawa in sallame. Ana saura daƙiƙu a tashi ƙungiyarmu tana baya, sai mai jifa ya ja da baya ya saki ƙwallon, ta yi ta tafiya a sama kamar ba za ta sauko ba, wani siririn ɗan wasa ya yi tsalle a ƙarshen fili ya cafe. Na yi ihu har muryata ta dishe, na rungume wani ƙaton Bature da ban sani ba, dattijon yana kuka yana dukan bayana. Tun daga busa usur na farko har na ƙarshe ban tuna da Inna ba ko sau ɗaya. Ban taɓa farin ciki irin na ranar ba, kuma wannan shi ne abin da har yau na kasa yafe wa kaina.

Na dawo Riyad da hula da hotuna, na miƙa fasfo aka mayar akwati, na koma sito ina ba kowa labari ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Baba ne kaɗai bai taɓa cewa in nuna masa hoto ba. Kwana tara da dawowata aka aiko mini cewa in kira wani shago a Malumfashi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ƙanena zai jira ni a can. Na shiga ɗakin waya a Batha na yi ta gwadawa har layi ya shiga. Ƙanena ya ce an kwantar da Inna a asibiti kwana shida, likita ya ce ƙoda ce, kuma ya ce a mayar da ita gida a ci gaba da addu'a. Ya ce ya san halin da nake ciki da mutanen nan marasa tausayi, amma in sake roƙonsu, in durƙusa musu in ta kama, ko kwana bakwai ne su ba ni. Na ce masa to, zan gwada. Na fito na tsaya a bakin titi jama'a suna ture ni, na rasa ta inda ake komawa gida.

Washegari tun kafin a buɗe sito ina ƙofar ofishin mudir. Mutumin Sudan ne, mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah ya ba ta lafiya, sannan ya tashi ya buɗe akwatin ya ɗauko fasfona. Murna ta kama ni, na zaci an dace. Sai ya buɗe shafin bizar Amurka ya ajiye a gabana, ya tambaye ni a hankali yaushe ciwon ya fara. Na kasa yi masa ƙarya, na ce kafin in tafi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ya ɗan'uwa, an ba ka kwana arba'in da biyar da tikiti, uwarka tana kwance, ka kai su nan? Ya ce wanda ya riƙe mini sito ya tafi nasa hutun jiya, shekara biyu shi ma bai ga 'ya'yansa ba, kuma ba shi da bakin da zai je gaban kafil ya nemi izini na biyu ga wanda ya dawo mako biyu da suka wuce. Duk da haka ya ce zai gwada. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Mako uku na yi ina zarya. Mudir ya rubuta, aka ce kafil ya yi tafiya. Da ya dawo aka ce bukura, wato gobe, kuma duk wanda ya zauna a can ya san tsawon wannan goben. Wani ɗan garinmu da ke aiki a ofishin jakadanci ya taimaka da wasiƙar roƙo, aka karɓa aka ajiye. A ƙarshe amsa ta fito cewa sai wanda ya tafi ya dawo. Abin da na ƙaga na naɗa a kaset da karyayyar murya ya zo ya same ni kalma da kalma, ga fasfo a akwati, ga ni ba yadda zan yi. Hanya ɗaya ta rage, in ajiye aikin gaba ɗaya in nemi fita ta dindindin. Baba ya ce in yi hakan, aiki ana samun wani. Na rubuta takardar, ta kwana huɗu a aljihuna, ban miƙa ba. Na ce wa kaina wa zai sayi magani, wa zai riƙe gidan, kuma ko na miƙa sai an ɗauki makonni kafin a sallame ni. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai tsoro ma, tsoron in koma ƙauye hannu rabbana in daina zama ɗan albarka. Sau biyu ke nan aka ba ni zaɓi, sau biyu na zaɓi kaina.

Saura kwana kaɗan a fara azumi, ina tsaye a sito da hantsi ina nuna wa masu lodi inda za su jera bututu, aka ce ana nemana a bakin ƙofa. Ɗan garinmu ne na ofishin jakadanci, ya baro aikinsa ya zo da kansa. Tun kafin ya buɗe baki na gane. Ya ce tun shekaranjiya, an kuma riga an kai ta. Na zauna a kan bututun na kasa kuka, na kasa salati, sai shi ya yi ta maimaita mini har bakina ya kama. Kwana uku Hausawan Riyad suna cika ɗakinmu a Ulaisha, ɗalibai suna karatu, ana kawo shayi da dabino. Waɗanda ba su san komai ba suna ta cewa haka zaman ƙasar mutane ya gada, in yi haƙuri, ba laifina ba ne. Abokan ɗakina uku da suka san gaskiya ba wanda ya tona. Baba ne ya riƙa tarbar baƙi yana zuba musu shayi kamar shi aka yi wa mutuwar, kuma har muka rabu bai taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Na so ya faɗa, da ya zage ni ma da na ji sauƙi.

Sai bayan shekara biyu na taka ƙauyenmu. Na ajiye jaka na ce ƙanena ya kai ni maƙabarta. Damina biyu ta wuce a kan kabarin, kuma a wajenmu ba a sa alama sai ɗan fasasshen tulu ko reshe, waɗanda ruwa da dabbobi suka daɗe da kawarwa. Ƙanena ya yi gaba ya dawo, ya auna daga wata bishiyar aduwa, ya tsaya yana sosa kai tsakanin wasu kaburbura uku da suka kusa shafewa. Ya ce ɗaya daga cikinsu ne, ya fi zaton na tsakiya, amma ba zai rantse ba, domin a makon an binne mutum uku a jere. Na durƙusa a gaban kowanne na yi addu'a. A wajen ne kukan da ya ƙi zuwa a Riyad ya zo, har ƙanena ya ja gefe ya ba ni wuri.

Da muka koma gida ƙanwata ta kira ni ɗakin Inna ta ce akwai saƙon da aka bar mata, ba ta so ta naɗa a kaset ba. Ta ce a kwanakin ƙarshe wasu mata masu zuwa dubiya sun fara gunaguni cewa ɗa ya samu duniya ya manta da uwa. Inna, wadda ko juyawa ba ta iya yi sai an taimaka mata, ta ɗaga kai ta ce musu kada wadda ta sake faɗin haka a ɗakinta, yaron nan tsare shi aka yi, ita ta ji muryarsa da kunnenta, da yana da iko da ko a ƙafa ne ya zo. Daren da za ta cika ta ce a gaya mini ta yafe mini duniya da lahira, kada in sa damuwa a raina, kuma kada in yi faɗa da iyayen gidana a kanta, Allah zai fitar da ni daga hannunsu. Ƙanwata tana faɗa tana share hawaye tana cewa Yaya ka ji daɗi, ka rabu da ita lafiya. Na buɗe baki zan faɗa mata, wallahi na buɗe, sai na ga yadda take kallona, na rufe.

Yanzu na daɗe da dawowa gida, na yi aure, ina da 'ya'ya har da jika. Ban sake kallon wasan nan ba, ko a talabijin ya gifta sai in tashi, ko da yake na san ba laifin wasan ba ne, ba kuma laifin dattijon da ya gayyace ni da zuciya ɗaya ba. Na je wajen malamai, sun ce in yawaita yi mata addu'a da sadaka, ina kuma yi. Amma abin da na koya shi ne akwai yafiyar da ba ta sauke nauyi. Inna ta yafe wa ɗan da aka kulle wa fasfo, ba ta taɓa sanin akwai wanda ya ji numfashinta a kaset ya ɗauki jaka ya tafi kallon ƙwallo ba, kuma wannan na biyun shi ne ni. Ina kira ga 'yan'uwana da ke zaune a ƙasashen mutane, masu jiran hutun da ba ya zuwa sai an daɗe, da ma waɗanda ke Legas ko Abuja suna cewa sai wata mai zuwa. Iyayenmu, musamman mata, ba za su ce ka zo ba. Za su tambaye ka ko kana cin abinci, su ce jikin da sauƙi. Idan ka ji haka kuma zuciyarka ta gaya maka wani abu, ka ajiye duk abin da ke hannunka ka tafi, kada ka tsaya neman hujja, domin za ka same ta, hujja ba ta wuya. In kuwa ka ga ba za ka je ba, to kada ka yi ƙarya, ka faɗi gaskiya a yi fushi da kai, fushin uwa ana iya zuwa a ba shi haƙuri muddin tana raye. Ƙanwata tana karanta wannan mujallar, kuma na san tun kafin ta kai nan ta gane ni. Ƙanwata, ba a tsare ni ba. Ni ne ban zo ba.